Albarushi ba iri ɗaya ba ne: yadda masu ɗurin harsashi a Amurka da Turai ke zaɓensa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ko ta Sarkin Katsinan Maraɗi ranar hawan salla ya san warin albarushi. Ƴan bindigar sarki su ɗaga bakin bindiga sama, a ji dim, farin hayaƙi ya turnuƙe, dawakai su zabura, yara su toshe kunnuwa suna dariya. A wajen yawancinmu albarushi ke nan: baƙin gari iri ɗaya, da ake ɗurawa ta bakin bindiga a danna shi da sanda.

Amma ɗan Nijar da ke zaune a Greensboro ko Harrisburg can Amurka, ko wanda karatu ya kai Faransa ko Jamus, in ya leƙa kantin kayan farauta zai ga wani abu dabam. Robobi ne jere a kan kanta, kowace da suna da lamba: Varget, H4350, IMR 4064, N140, Bullseye. Ire-iren da ke kasuwa sun haura ɗari. Masu sayensu ba sojoji ba ne. Manoma ne, da direbobi, da malaman makaranta, da tsofaffin ma'aikata, waɗanda ke tsince kwanson harsashin da suka harba su koma gida su sake ɗura shi da hannunsu. A can sana'ar hannu ce sananniya, mai littattafanta da kayan aikinta, kuma babbar muhawarar da ba ta ƙarewa tsakanin masu yin ta ita ce: wane albarushi ya dace da wane harsashi?

Tambayar ta shafe mu ta fuska biyu. Akwai ƴan'uwanmu da ke waje, waɗanda abokan aiki ke gayyata farautar barewa ko filin koyon harbi, ba tare da sun san inda doka ta ja musu layi ba. Akwai kuma maharbanmu na gida da ke ɗaukar cewa kowane gari mai kama wuta albarushi ne, kuskuren da ke raba mutum da yatsunsa.

Abin da ke cikin harsashi

Harsashin bindigar zamani abu huɗu ne aka haɗa. Akwai kwanso na tagulla, akwai ɗan ƙyastu a gindinsa wanda ke ba da tartsatsi in allurar bindiga ta buge shi, akwai albarushi a ciki, sai ƙwayar da ke fita, wadda galibi dalma ce aka lulluɓe da jan ƙarfe. In an harba, uku sun tafi, kwanso ne kaɗai ke saura. Shi ne kuma ya fi tsada a cikin huɗun, kuma ana iya sake amfani da shi sau da dama kafin ya tsage. Daga nan sana'ar ta samo asali. Kamfanoni irin su RCBS, wanda Fred Huntington ya kafa a Kalifoniya a 1943, da Lee da Lyman da Hornady, suna sayar da matsi na hannu da ma'auni da sauran kayan aikin.

Wasu don rage kashe kuɗi suke yi. Wasu don bindigar kakansu ce, an daina yin harsashinta. Mafi yawan waɗanda suka daɗe a ciki kuwa don saiti suke yi, domin kowace bindiga tana da ɗurin da ya fi karɓarta, kuma na kanti ba lallai ne ya zama shi ba. A 2020 da 2021, lokacin da annobar korona da ruɗanin siyasa suka sa Amurkawa suka wawashe harsasai daga kantuna, mutane da yawa sun faɗa harkar, har ƙyastu da albarushin ma suka yi wuyar samu.

Shekarar 1884

Albarushin da muka sani a fada shi ne baƙin albarushi, haɗin gawayi da farar wuta da wani gishiri da ake kira salfita. Daga Sin ya fito, ya yi ɗaruruwan shekaru shi kaɗai ne a duniya. Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya shahara da tara bindigogi, kuma a zamaninsa an ƙera igwa an haɗa albarushi a cikin birnin Zinder. Matsalar wannan albarushi ita ce fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska in ya ƙone. Hayaƙi yake zama da ƙazanta. Shi ya sa bututu ke toshewa bayan ƴan harbi kaɗan, shi ya sa kuma mai harbi ke tona asirin inda ya ɓuya.

A shekarar da Tanimu ya rasu, 1884, wani masanin haɗa sinadarai na gwamnatin Faransa mai suna Paul Vieille ya fito da wani sabon abu. Ya ɗauki audugar da aka jiƙa da ruwan asid har ta zama mai kama wuta, ya narkar da ita, ya shanya ta zama ƴan ɓarɓashi masu ci a tsanake. Aka sa masa suna Poudre B. Kusan dukkansa iska yake zama, hayaƙinsa kaɗan ne, kuma ƙarfinsa ya kai wajen ninki uku na baƙin albarushi mai nauyi ɗaya. Bayan shekara biyu Faransa ta fito da bindigar Lebel ta 1886, bindigar soja ta farko da aka yi don wannan albarushi. Ƙwayarta tana gudun sama da mita 600 a daƙiƙa, alhali ta bindigar Gras da ta gada tana yin wajen 450. Alfred Nobel ya biyo da nasa a 1887, Ingilishi suka yi nasu mai suna kodayit a 1889. Shekara 15 bayan rasuwar Tanimu, a 1899, sojojin Faransa suka shiga Zinder. Ba albarushi kaɗai ya kawo haka ba, amma tazarar da ke tsakanin makaman ɓangarorin biyu ta riga ta buɗe.

Duk robobin nan da ke kan kanta a yau jikokin aikin Vieille ne. Wasu audugar ce zalla, wasu an ƙara musu sinadarin naitirogilisarin don ƙarin ƙarfi. Abin da ya raba su da juna shi ne saurin ci.

Kara da gungume

Wannan albarushi ba fashewa yake yi a cikin bindiga ba, ci yake yi, kamar yadda wuta ke cin itace daga waje zuwa ciki. Uwargida ta san bambancin karan dawa da gungumen ƙirya a murhu: kara ya kama nan take ya mutu, gungume ya kama a hankali ya daɗe yana ba da zafi. Haka ƙwayoyin albarushi suke. Masana'anta na sarrafa saurin cinsu ta hanyar girma da siffa da abin da aka shafe su da shi. Akwai masu faɗi sirara kamar ɓawon albasa, waɗanda galibi ke ci da sauri. Akwai masu kamar gutsattsarin taliya da rami a tsakiya, waɗanda ke ci ta waje da ta ciki lokaci ɗaya. Akwai kuma ƴan ƙwallaye kamar gero, da Fred Olsen ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1930, masu zuba sumul a ma'auni.

Dukan aikin cikin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yake ƙarewa. A wannan ɗan lokaci ana so iskar da ke fita ta tura ƙwaya a hankali da farko, ta ci gaba da tura ta har bakin bututu. Misalin motar da ta mutu ne a kan hanya. In samari suka dafa ta suka tura tare, sai ta motsa ta ɗauki gudu. In kuwa wata mota ta zo a guje ta banke ta, ƙarfin ya fi na samarin yawa, amma ƙarfe ne zai lotse.

Ƙaramar bindigar hannu bututunta gajere ne, ƙwayarta ba ta da nauyi sosai, kwansonta ɗan ƙarami, don haka albarushi mai saurin ci take so, irin su Bullseye ko N310. Doguwar bindigar farauta mai matsakaicin kwanso, kamar .308 Winchester, tana tafiya da masu matsakaicin sauri, irin su Varget da IMR 4064 da N140. Manyan kwansuna masu ƙaton ciki da siririn wuya suna son masu jinkiri, irin su H1000 ko Retumbo. Ƙa'idar da masu sana'ar ke riƙewa ita ce: gwargwadon yadda cikin kwanso ya fi ramin bututu girma, da gwargwadon nauyin ƙwaya, gwargwadon jinkirin albarushin da ake buƙata. Ko a bindiga ɗaya, in ka sauya daga ƙwaya mara nauyi zuwa mai nauyi, albarushin da ya fi dacewa na iya sauyawa.

Ga abin da ke sa lamarin ba wasa ba ne. Hukumar CIP, wadda ƙasashen Turai suka kafa a 1914 don gwajin bindigogi, ta ƙayyade matsin harsashin .308 Winchester a kan bar 4,150. Takwararta ta Amurka, SAAMI, tana da adadi kusa da haka a nata ma'aunin. Tayar mota da mai faci ke yi wa iska bar biyu ne da ɗan wani abu. Wato a harbi na ƙalau, ba tare da kuskure ba, akwai nauyin da ya haura tan huɗu a kan kowane wuri mai faɗin farcen yatsa, kuma wannan yana faruwa ne tazarar taƙi ɗaya daga idon mai harbi. In aka cika kwanson doguwar bindiga da albarushin bindigar hannu, duka zai cinye kafin ƙwaya ta yi nisa. Iska ba ta da wurin zuwa, sai ta nemi hanya ta cikin ƙarfe.

Abin mamaki, ragewa fiye da kima ma ba tsira ba ce. Kamfanoni na gargaɗin kada a sa ɗan kaɗan na albarushi mai jinkiri a babban kwanso, domin kamawarsa ba ta da tabbas: wani lokaci ƙwaya ta maƙale a bututu, wani lokaci matsi ya yi tsalle ba zato. Shi ya sa gwanaye ke son albarushin da zai kusan cika kwanso a ɗurin da ya dace. Yana ci daidai daga harbi zuwa harbi, sannan in mutum ya yi mantuwa ya zuba sau biyu, zai malalo ya gani da idonsa.

Littafi ne gaba da kowa

Babu mai hankalin da ke zaɓen albarushi da ka. Kamfanonin albarushi da na ƙwaya suna da ɗakunan gwaji masu bututun awon matsi, suna buga littattafai da ke cewa: ga kwanso kaza, ga ƙwaya kaza mai nauyi kaza, ga ƙyastu kaza, ga albarushin da muka gwada, ga inda za a fara, ga inda ba a wucewa. Mai ɗuri yana farawa daga ƙasa, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, yana duba kwanson da ya harba. In ƙyastu ya baje ya lafe, ko sakatar bindiga ta yi tauri wajen buɗewa, ko wani tabo mai sheƙi ya fito a gindin kwanso, to an wuce gona da iri. Masu hali suna sayen na'urar awon gudun ƙwaya, domin gudun da ya zarce na littafi alama ce ta matsin da ya zarce na littafi, ko da kwanso bai nuna komai ba. Ba za mu kawo adadin ɗuri ko ɗaya a nan ba. Lambar da aka tsinta a jarida ko a bidiyon TikTok, an raba ta da bututun da aka gwada ta a ciki, ba ta da amfani sai cutarwa.

Akwai jadawalin da ke jera albarusai daga mafi sauri zuwa mafi jinkiri, kuma sabon shiga yakan ɗauka cewa biyun da ke maƙwabtaka a jadawali za su iya maye gurbin juna. Ba haka ba ne. Jadawalin jeri kawai yake nunawa, kuma jerin kansa na iya sauyawa daga wannan kwanso zuwa wancan.

Sunayen ma tarko ne. Akwai H4350, akwai IMR 4350, akwai Accurate 4350. Akwai H4895 da IMR 4895, akwai H4831 da IMR 4831. Lamba ɗaya, kaya dabam, kuma kama da wane ba ta wane. Tarihi ne ya jawo haka. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnatin Amurka ta ragu da tarin albarushin soja, sai wani mutumin jihar Kansas mai suna Bruce Hodgdon ya sayi laba 50,000 na samfurin 4895 a 1947, ya riƙa ƙullawa yana sayar wa mafarauta. Da tsohon kayan ya ƙare, kamfaninsa ya sa aka riƙa yi masa makamancinsa a wasu masana'antu, ya riƙe lambar ya ƙara harafin H a gaba. A 2003 kamfanin Hodgdon ya sayi IMR ɗin kansa, amma har yau kayan biyu ba ɗaya ba ne, kowanne da shafinsa a littafi.

Ga mu da muka yi karatu da Faransanci akwai wani tarkon na musamman. Littattafan Amurka ba da giram suke awo ba, da wani ma'auni ne mai suna giren, wanda ake taƙaitawa gr. Giram ɗaya ya haura giren 15, laba ɗaya kuma, wato giram 454, giren 7,000 ce. Wanda ya saba ganin gr a jikin ledar sukari yana karanta shi giram zai iya yin kuskuren ninki 15. Gaba ɗaya abin da ke cikin harsashin farauta matsakaici bai wuce giram uku ba, kuma bambancin da ke tsakanin ɗuri mai kyau da mai haɗari bai kai cikin ƙaramin cokali ba.

Sauran ƙananan abubuwan da ke sauya lissafi suna da yawa. Kwanson soja ya fi na kasuwa kauri, don haka cikinsa ya fi ƙanƙanta, ɗuri ɗaya ya fi matsi a cikinsa. Ƙwayar jan ƙarfe zalla, wadda ta yaɗu tun da Kalifoniya ta hana farauta da dalma kwata-kwata a 2019, ta fi ta dalma tsawo a nauyi ɗaya, tana cin wuri a kwanso. Bindigogi masu ɗura kansu da iskar harbi, kamar tsohuwar M1 Garand ta sojan Amurka, albarushi mai jinkiri na iya lanƙwasa musu sandar ciki ko da matsin bai wuce ƙa'ida ba. Ko roba biyu masu suna ɗaya, in ba tukunya ɗaya aka dafa su ba, sukan ɗan bambanta, shi ya sa ake sake gwaji daga ƙasa duk lokacin da aka buɗe sabuwa. Dokar da kowane tsohon hannu ke fara koya wa yaronsa kuwa ita ce roba ɗaya tak a kan tebur. Ba a haɗa biyu, ba a juye wannan a mazubin wancan, kuma garin da ba a san sunansa ba zubar da shi ake yi, domin ido ba ya rabe su.

Zafi

Nan ne labarin ya fi kusa da mu. Albarushi yana jin yanayi. Ɗurin da aka gwada da sanyin hunturu a Finlan, inda masana'antar Vihtavuori take tun 1922, ba zai yi hali ɗaya ba in an harba shi da azahar a watan Afrilu a Tawa, inda zafi ke kaiwa digiri 45 a inuwa. Zafi na ƙara saurin ci, saurin ci na ƙara matsi. Ingilishi sun koyi wannan darasi a Afirka da Indiya: kodayit ɗinsu na tashi da zafi, har kwanso ya maƙale a bindiga a daidai lokacin da ɓauna ko giwa ta taso. Dalili ke nan da manyan harsasan farautarsu na farkon ƙarni na 20, irin su .416 Rigby na 1911 da .375 Holland & Holland na 1912, aka yi musu manyan kwansuna don matsin ya zauna ƙasa, aka kuma riƙa yin ɗuri na musamman mai sauƙi don ƙasashe masu zafi.

A yau rashin jin zafi da sanyi na cikin manyan abubuwan da ake tallata albarushi da su. Varget ya yi suna ne a kan haka. Ko da yake sunan kamfanin Amurka ne a jikin robar, a garin Mulwala na Ostireliya ake yin sa, kuma a can AR2208 ake kiransa. Wanda ke farauta a Teksas ko Arizona, inda zafin ya yi kama da namu, wannan ne abin da yake fara tambaya. Harsashin da aka bari a gaban mota cikin rana kuwa, ko wane iri ne a cikinsa, ya riga ya fita daga lissafin littafi.

Zafi kuma yana tsufar da shi. Audugar da aka sarrafa da asid tana ruɓewa a hankali, ana sa mata sinadarin da ke tsare ta, amma shi ma yana ƙarewa, kuma zafi na gaggauta ƙarewarsa. Alamar lalacewa ita ce wari mai yaji da ke hawa hanci, da jan ƙura kamar tsatsa a cikin roba. Wanda ya kai wannan hali yana iya kamawa da kansa. Faransa ta biya kuɗin wannan ilimi da rayuka: jirgin yaƙinta Iéna ya tarwatse a tashar Tulon a watan Maris na 1907, mutum sama da 100 suka mutu, sannan Liberté ya bi bayansa a wannan tasha a watan Satumba na 1911 da mutum sama da 200. A duka biyun Poudre B da ya lalace aka ɗora wa laifi. Shi ya sa ƙa'idar kashe gobara ta Amurka ta ce abin da za a ajiye a gida cikin robobinsa na asali kada ya wuce laba 20, in zai kai 50 sai a cikin akwatin katako mai kauri. Katako aka ce, ba ƙarfe ba, domin in gobara ta tashi ana so akwatin ya buɗe iska ta fita. Akwatin ƙarfe da aka rufe ruf ya zama bam.

Wani lokacin ma ba mai ɗuri ke zaɓe ba, kasuwa ke zaɓar masa. Tun 2018 dokokin sinadarai na Tarayyar Turai suka fitar da wasu sanannun albarusan Amurka daga kantunan Turai, sai jama'a suka koma kan Vihtavuori, da Vectan na Faransa, da Reload Swiss na Suwizalan. Yaƙin Yukiren da ya ɓarke a 2022 ya ƙara tsananta lamarin, domin audugar da ake yin albarushin farauta da ita ita ce ake yin na igwa. Asalinta ɗan gajeren gashin nan ne da ke saura a jikin angurya bayan an gurje auduga, kuma Sin ce babbar mai sayar da shi. A 2024 kamfanin Alliant ya dakatar da aika wa kantuna kayansa saboda ƙarancin wannan sinadari. Duk wanda nasa ya ɓace daga kasuwa, dole ya koma shafin farko da sabon iri.

Inda doka ta tsaya

Ɗan ci-rani ya buɗe kunne a nan. A Amurka ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin ba ya buƙatar lasisin tarayya don ya ɗura wa kansa harsashi, sai in zai sayar, ko da yake jihohi na da nasu ƙarin sharuɗɗa. Amma dokar tarayya ta hana wanda ba shi da takardun zama mallakar bindiga ko harsashi. Ta kuma hana mai bizar wucin gadi, kamar ɗalibi ko ɗan yawon buɗe ido, sai in ya faɗa cikin ƴan keɓantattun sharuɗɗa, misali yana da lasisin farauta mai aiki. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, a ma'anar wannan doka kalmar harsashi ta haɗa da kwanso da ƙyastu da ƙwaya da albarushi, kowanne shi kaɗai. Hukuncin na iya kaiwa shekara 15 a kurkuku, kafin a zo maganar kora daga ƙasa. Robar da abokin aiki ya ce ka ajiye masa a bayan motarka ta isa ta rusa shekarun da ka yi kana neman takarda.

A Jamus sai mutum ya yi kwas ya ci jarrabawa ya karɓi izini a ƙarƙashin dokar abubuwan fashewa kafin a sayar masa da ko giram ɗaya. A Faransa harkar tana hannun masu lasisin farauta da masu lasisin wasan harbi. A jirgin sama kuwa albarushi da ƙyastu haramun ne, ko a jakar hannu ko a ta kaya. Harsashi ɗaya da ya maƙale a aljihun jaka ma bala'i ne. Tsakanin ƙarshen 2023 da 2024 an kama Amurkawa biyar a tsibiran Turks da Caicos saboda ƴan harsasan da suka ce mantuwa suka yi da su a jakunkunansu, a lokacin da dokar wurin ta tanadi ɗaurin shekara 12. Tara aka ci yawancinsu daga baya, amma wasunsu sun yi makonni ba su ga gida ba. Wanda zai sauka a filin jirgin Diori Hamani da jakar da ya taɓa zuwa farauta da ita, ya zazzage ta tun daga can. A Nijar riƙe makami ko harsashi ba da izinin hukuma ba laifi ne, ƙasar na da hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, kuma a halin da ake ciki a iyakokin Maraɗi da Tawa ba jandarman da zai saurari labarin mantuwa.

Saura maharbinmu na ƙauye, mai baushe ko harba-ka-ruga da maƙerin gari ya yi masa. Bututun irin wannan bindiga sau da yawa bututun ruwa ne ko sandar sitiyarin mota, an toshe gindinsa da walda. Da baƙin albarushi yana iya yin shekaru, domin matsinsa ƙasa yake, kuma da ido ake auna shi. Haɗarin yana zuwa ne ranar da aka tsinci harsashin zamani aka farke shi, aka juye abin da ke ciki a bututun, da tunanin ai wannan na Nasara ne, zai fi kai wa nesa. Ko kamfanonin da ke ƙera bindigar ɗuri ta baki da ƙarfe mai inganci a Amurka da Italiya suna buga gargaɗi a jikin bututu cewa baƙin albarushi kaɗai za a sa. Garin da aka yi don ƙarfen da ke jure bar dubu huɗu ba ya tambayar wane ne maƙerin. In ya kama, wurin da ya fi rauni yake nema, kuma a baushe wurin nan shi ne gindin bututu, daidai inda hannun hagu ke riƙe da kuma inda kunci ke jingine.